Yaya Mudi da Lagireton Ƴar Ja

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Mudi mai gyaran lagireto a gidansa da ke Gashuwa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Mijin yayata ne, marigayiya Saudatu. Ni ne Hashim, ƙanin matarsa, wanda bai taɓa bari ya huta da tsokana ba.

Yaya Mudi, tun da aka tashi daga zaman makokinka na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a shago sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta. In tashi, in zaga kasuwa, in dawo ban sayi komai ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko zuciyata ta lafa.

Duk direban da ke bin hanyar Gashuwa zuwa Nguru ya san ka. Ba ka iya wuce motar da aka ɗaga wa bonet a bakin titi. Jarkar ruwa ba ta rabuwa da bayan babur ɗinka, kuma ba don kanka kake yawo da ita ba. Manoman fadamar Katuzu in injin ban-ruwansu ya tsaya ana tsakar rani, kai suke kawo wa, ka ajiye aikin mai mota ka fara da nasu, don ka san barkono ba ya jure ƙishi. Wani ya kawo maka albasa, wani bandar kifi, wani godiya kawai, ba a taɓa ganin bambanci a fuskarka ba. Mutum ɗaya na san kana yi wa faɗa: direban da ya zuba garin kuka ko ɗanyen ƙwai a lagireto don toshe yoyo. Shi kam sai ka wanke shi tas, sannan ka wanke masa lagireton.

Sai kuma Ƴar Ja. Ga wanda bai san ta ba, tsohuwar Datsun ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa, sai mutum ya durƙusa yake shigarta. Ka saye ta kana saurayi a hannun wani Balaraben Labanan mai sayen fata a Nguru, lokacin da zai koma ƙasarsu. A cikinta aka ɗauko maka Yaya Saudatu daga gidanmu zuwa Gashuwa. Bayan rasuwarta ka lulluɓe motar da tamfol, sai dai ranar Juma'a ka tayar da ita ta yi ɗumi. Ni ban taɓa ɓoye ra'ayina ba. Na sha ce maka ka sayar wa ƴan gwangwan ka huta, kai kuma ka ce ɗan Nguru bai san mota ba, jirgin ƙasa kawai ya sani.

Lokacin da aka sa bikin Mardiyya, ƴarku tilo, da Alamin, wani malamin makaranta a Nguru, ciwo ya riga ya ci ƙarfinka. Ƙafafunka sun kumbura, ana kai ka wankin ƙoda, kowa yana gani ba ya faɗa. Ka kira ni ka ce, "Hashim, motar da ta kawo uwarta ita za ta kai ta." Na yi ta surutu. Na ce bayan ƙaramar Sallah ne, tsakiyar bazara, motar nan ko tasha ba ta zuwa sai ta tafasa, mu nemo mai sanyi mu rufa wa kanmu asiri. Ka bari na gama, sannan ka ce ba shawara kake nema ba, direba kake nema. Abin da ya rage maka ke nan a duniya da kake son gani, kuma mu duka mun san lokaci ya ƙure.

Lagireton ne matsalar. Na asali ne, na tagulla, ka yi ta liƙe shi da darma har darmar ta fi tagullar yawa. Da ka tsoma shi a baho ka hura masa iska, ko'ina kumfa yake yi kamar rariya. An nemi irinsa har Kano an rasa. Abin da aka samo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa shi ne ɗan araha na alminiyam mai kan roba, irin wanda ka shekara da shekaru kana kushewa, kana cewa in ya fashe ba ya karɓar darma, sai bola. Ina tsaye ka ciro shi daga kwali, ka daɗe kana juya shi a hannu, ba nauyi ko kaɗan. Na shirya tsokana a bakina, sai na ji ka ce, "Wuni guda kawai nake roƙon sa."

Wanda ya sayar da shi ya rantse zai zauna daidai. Bai zauna ba. Kunnuwansa ba su hau ramukan motar ba, bakin tiyon ƙasa ya kalli wani gefe daban, fanka ta kusa shafar sa, da aka sauke bonet kuma sai ya dira a kan murfinsa ya ƙi rufuwa. Ni da raina ya ɓaci na ce a mayar masa da kayansa. Kai ko kallona ba ka yi ba. Ka zauna a kujera ƴar tsuguno, don tsayuwa ta fi ƙarfinka, ka lanƙwasa ƙarfe ka yi masa sababbin kunnuwa, ka sauke shi ƙasa kaɗan, ka yanko tsohuwar taya ka sa masa matashi don kada girgiza ta tsage shi. Tiyo biyu na motoci daban ka haɗa da guntun bututu kafin ruwa ya sami hanya. Mardiyya ce ke miƙo maka sifana, ita da ta tashi a garejinka, kana tuna mata ba a ɗaure noti ɗaya sai duka sun shiga. Likita ya ƙayyade maka ruwan da za ka sha, leɓenka ya bushe, kana tuttula jarka a cikin lagireto. Wannan ganin bai bar idona ba har yau.

Ka'idarka ce ba ka sallamar mota sai ta ga rana tsaka. Muka fita da azahar, ni ke tuƙi, kana gefe, muka sheƙa har Jajimaji muka juyo. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Ka yi ta dariya kana ce mini in taka, ba jaki nake kora ba.

Yayarka Nagoggo ta tayar da nata rikicin. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an kai amarya ba mace a damanta ba mace a hagunta ba, motar kuwa kujera biyu ce. Gaskiyarta ce. Mardiyya ce ta raba gardamar da ta ce kawunta ne zai ja, Gwaggo ta biyo su a baya, a ƙofar gida ta kama hannunta.

Abu ɗaya ya kuɓuce maka, kuma ba yadda za a yi ka san shi. Ranar aurenka kai ango ne, kana gida kana jira. Ranar auren ƴarka kai uba ne, nan ma kana gida. Ba ka taɓa zama cikin Ƴar Ja a ayarin amarya ba. A guje muka gwada ta, iska na dukan lagireto, ayari kuwa rarrafe yake yi. Har bakin Nguru lafiya lau. Can abokan ango suka tarye mu a kan babura, suna gilmawa gabanmu suna hon, muka koma tafiyar ƙafa. Ina kallo allura ta tashi, ta wuce tsakiya, ta doshi ja. Na ji ƙaurin injin. Na kai hannu zan kashe ta.

Daga ƙarƙashin mayafi, cikin muryar da kuka ya sa ta dasashe, na ji an ce, "Kawu, kar ka kashe ta. Sauka gefe, ka juya hancinta wajen iska, ka ɗan taka mata." Na yi yadda ta ce. Sai ga amarya ta buɗe ƙofa ta fito, Nagoggo na salati a bayanmu. Ta sa aka kawo fiya-wata daga motar ƙawaye, tana farke leda da haƙori tana fesa wa fuskar lagireton da hannuwanta masu lalle. Wani saurayi ya kai hannu zai buɗe murfin, ta make masa hannu. A hankali allura ta sauko. Ta gyara mayafinta, ta koma ta zauna, ta ci gaba da kukanta.

An ce mini tun fitarmu ka ƙi shiga ɗaki, kana ƙofar gida da waya a hannu, ka zauna ka tashi. Da muka isa na kira ka na miƙa mata. Ta ce, "Baba, mun iso." Ka ce, "Ta tafasa?" Ta ce, "Ta so, ban bar ta ba." Sannan ka ce, "Alhamdu lillahi. Allah Ya yi miki albarka. In na ji dama-dama ni da kaina zan jawo ta in zo ganin ɗakinki."

Ba ka ji dama-daman ba. Da Mardiyya ta zo daga Nguru ranar rasuwarka, ta tarar an riga an fita da kai. A zaman makoki ba ta yi magana da kowa ba, sai da zan tafi ta biyo ni zaure ta ce, "Kawu, na ajiye masa tabarma da buta sababbi, ban bari kowa ya taɓa ba. Wa zai zo ya ga ɗakin?" Na rasa abin da zan ce mata. Yanzu na samu. Zan je, Yaya Mudi. Zan zauna a tabarmar, in yi alwala da butar, in sa wa ɗakin albarka da sunanka.

Ya Allah, bawanKa Mudi ya shayar da masu ƙishi a hanya, Ka shayar da shi daga tafkin AnnabinKa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka sanyaya masa kabari, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haɗa shi da Saudatu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nagoggo da sauran dangi, da Alamin, da direbobi da manoman da suka cika maƙabarta. Ke kuma Mardiyya, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya zame miki gata. Ki share ɗaki, kawunki yana hanya.