Ranar Da Maigidana Ya So Janyewa Daga Tseren Mota

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a gidan haya a Dutse, ba nisa da bakin titi, wasu shekaru bayan an ba mu jiha. Mahaifina malamin allo ne a wani ƙauye da ke wajen Buji, na tashi a gidan da ko rediyo sai an rage mata murya. Maigidana kuwa Bafulatani ne da ya bar kiwo tun yana saurayi ya kama tuƙi, yana jan doguwar Fijo tsakanin Dutse da Jahun. Mutum ne shiru-shiru mai kunya, in yana gida da ƙyar maƙwabta ke jin muryarsa, amma da ya riƙe sitiyari sai ya koma wani mutum daban. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi laƙabin da aka sa masa a tasha ba, domin har gobe akwai masu tuna shi.

A zamanin an shimfiɗa sabuwar kwalta, motoci kuma ba su yi yawa ba. Musu ne ya fara haɗa direbobin tasharmu da na Jahun a kan su wa suka fi iya hannu. Daga musu aka koma gwaji, a sauke fasinja bayan la'asar, motoci biyu su jera daga wata mararraba su taso da gudu har bakin gari. Ba da izinin hukuma ake yi ba, amma babu wanda bai sani ba. Da tafiya ta yi tafiya kowace tasha ta fitar da gwaninta, tamu ta fitar da maigidana, aka yi alkawarin karawa uku. Ya ci ta farko a ɓangarenmu. Ta biyu aka yi ta a wajen Jahun, gwaninsu ya sha gabansa da ɗan kaɗan. Aka yi kunnen doki ke nan, saura ta raba gardama, aka sa ta wata Lahadi a bakin garinmu. A lokacin kuma an fara maganar shari'a, malamai na wa'azi a kan wasa da rai da cacar da wasu ke yi a kan tseren, don haka kowa ya san daga wannan ba za a sake ba. Wanda ya ci, ya ci ke nan har abada.

Ban taɓa ganin mako irin wannan ba. Unguwarmu ta daina zancen komai sai Lahadi. Mai shago ya aiko mini da sukari da madara ya ce na gwani ne, kar a biya. Bakaniken tasha ya wuni a ƙarƙashin motar, 'yan kamasho suka haɗu suka sa mata sababbin tayoyi. Wani mai sayar da mai ya kawo rago ya ɗaure a tsakar gidanmu, wai da an ci za a yanka, ragon nan ya dinga kuka ba dare ba rana. Matan unguwa suka fitar da anko, aka ɗauko masu kalangu, har aka tsara wadda za ta yi waina da wadda za ta dama kunu. Babu mai cewa in Allah ya yarda zai ci, sai dai ka ji ana cewa bayan ya ci za a yi kaza. Wata maƙwabciyata ma ta shigo ta ce mijinta ya rantse in aka kayar da mu ba zai sake taka kasuwar Jahun ba.

Ni kuwa, gaskiya kaina ya fasu. Yarinyar ƙauye da a da in ta shiga gidan biki ba a ko matsa mata tabarma, yau ga shi da na yi sallama ake rangaɗa guɗa ana cewa ga matar gwani. Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in manta ban sa gishiri ba, in fara wanki in bar shi a baho in leƙa zaure ko zan ji abin da maza ke faɗa. Wani lokaci gabana ya faɗi haka kawai, sai in kore shi da tunanin yadda zan ɗaura ɗankwalina ranar. Na gwada ankon nan a gaban madubi ya fi a ƙirga.

Shi kuma maigidan sai ƙara shiru yake. Abinci ya ɗan taɓa ya ture. Ya zauna a kan turmi ya tashi, ya fita ƙofar gida, da ya hango masu zuwa yi masa kirari ya dawo ciki. Ana gobe tseren ya dawo da azahar, abin da bai saba ba, ya same ni ina tankaɗen garin shinkafar waina. Ya tsuguna kusa da ni ya ce yana so ya janye. Ya ce ba abokin karawarsa yake tsoro ba, ba kuma motar ba, mutane yake tsoro. A karawar Jahun ya ga yadda 'yan kallo ke turuwa har kan kwalta, kowa na so ya ga wanda zai fara isowa, kuma na gobe sai sun ninka waɗancan. Ya ce mota in ta kai wannan gudun ba ta san birki ba, kuma tun ranar in ya rufe ido fuskoki yake gani a gaban gilashi. Sannan ya tambaye ni me na gani.

Da na yi shiru ma da ya fi. Na ajiye rariya na ce masa yanzu da aka ɗinka anko aka ɗaure rago zai ce ya fasa? Na ce da wane ido zan kalli matan unguwa, kuma 'ya'yansa su tashi ana ce musu 'ya'yan wanda ya gudu? Na ce ai Allah ne ke tsarewa, sau nawa ya yi ba abin da ya faru. Sai ya ce, “To, shi ke nan.” Ya miƙe ya ɗauki makullinsa ya fita. Ni kuma na ci gaba da tankaɗe, har ina jin daɗin na ƙarfafa masa gwiwa.

Ranar Lahadi ban je ba, don ba na fita irin wannan wuri, amma gidanmu ya cika da mata, kuma daga tsakar gida ana jin duk abin da ake yi a bakin titi. Tun azahar kalangu ke tashi. Na zubar da kunu a zanina, na canja, na goya ƙaramin na sauke shi, na rasa abin da ke mini daɗi. Bayan la'asar muka fara jin kukan injin daga nesa, ihun mutane na ƙaruwa, ana kiran laƙabinsa. Wata ta ce wallahi shi ne a gaba, mata suka ɓarke da guɗa. Muna cikin guɗar muka ji ƙarar taya mai tsawo, sai wata irin ƙara kamar an tuntsurar da tankin ƙarfe. Kalangu ya tsaya cak. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Na fita a guje ba mayafi ba takalmi, sai a zaure wata dattijuwa ta riƙe ni.

Wansa ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce maigidana ya ba abokin karawarsa rata sosai, saura kaɗan ya iso. Da mutanenmu suka hango motarsa a gaba, sai murna ta ɗebe su, suka kwararo kan titi da makaɗa da tutoci don su tarbe shi, kamar mai zuwa a kan jaki. Nasa ne, masoyansa, ba na Jahun ba. Ya taka birki motar ba ta tsaya ba, sai ya karkatar da ita ya bar kwalta da gangan, ta daki kwalbati ta kifa. Bai taɓa ko mutum ɗaya ba. Direban Jahun ɗin nan da aka wuni ana zagi shi ya tsaya, shi ya taimaka aka zaro shi, kuma a motarsa aka kai shi asibiti.

Daga nan aka wuce da shi Kano, muka yi watanni muna jinya. Ƙafarsa ta dama ta karye a wurare da yawa, aka sa ƙarfe, ta warke amma ba ta lanƙwasuwa, tuƙi kuma ya ƙare. A makon farko an zo dubiya sosai. Daga nan sawu ya ɗauke. Da muka dawo na iske mai ragon ya aiko an kwance abinsa tun washegari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne musun da na ji ana yi a gari, wai a ƙa'ida mu muka ci tunda yana gaba, wasu kuma suna cewa ya yi garaje, da ya danna oda da an watse. Mutum na kwance ba ya iya zuwa banɗaki sai an riƙe shi, su damuwarsu wa ya ci.

Bai taɓa yi mini gori ba. Ya koma sayar da baƙin mai da kayan gyara a gefen tasha, muka ci gaba da rufin asirinmu, har muka ƙara haihuwa. Shirun nasa ya fi mini zafi a kan faɗa. Sai bayan shekaru, wata rana ina shafa masa man zafi a ƙafar, na kasa daurewa na fashe da kuka na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun yana gadon asibiti, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Sannan ya ce, “Ranar nan ba shawara na zo nema ba. Duk garin cewa suke in yi. Mutum ɗaya nake nema da zai ce kar in yi, in samu abin riƙewa.”

Abin da na koya shi ne, masu yi wa naka kirari ba shi suke so ba, daɗin da za su ji suke so, kuma ni ma a makon nan na zama ɗaya daga cikinsu alhali ina kwana ɗaki ɗaya da shi. Yanzu ina ganin samari suna wasa da babura da motoci a wurin biki, jama'a na tafi ana zuga su, sai in tuna Lahadin nan. Ina kira ga 'yan'uwana mata da iyaye da abokai: in naku wanda duniya ke zugawa ya keɓe ku ya ce yana jin tsoro, kada ku tuna masa da abin da mutane za su ce. Ya riga ya sani, shi ya sa ya zo wurinku. Ku ce masa ya zauna. Surutun gari kwana kaɗan ne ya wuce, ni kuwa kullum da safe sai na ji ƙarar sandarsa yana jan ƙafa zuwa masallaci.