Delmar da Jan Fentin Surukinsa

Delmar Huebner ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran ƙananan injuna a bayan shagon sayar da iri, a wani ƙaramin gari na jihar Iowa. Gajere ne mai kaurin wuya, ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure. Da ya ajiye aiki, babu waɗanda ya raina kamar masu sayen tsofaffin taraktocin lambu su yi musu kwalliya su kai baje koli. 'Yan shafe-shafe yake ce musu. Sai ga ɗayansu har cikin gidansa: Royce Tillotson, likitan haƙori, mijin 'yarsa Marlys.

Royce ya sayo wata ƙaramar tarakta da ta shekara talatin a rumbun wani manomi, har ɓeraye sun tare a cikinta. Delmar ne ya kwance injin, ya wanke, ya tayar da shi, yana yi yana tsaki. Wajen fenti rigima ta tashi. A jikin injin akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙarƙari, ta tsakaninsu iska ke bi ta kwashe zafi. Royce ya ce ja zai fesa musu don su dace da sauran jikin.

Delmar ya ce, "Ja? To ka haɗa mata da jan-baki mana. Kai ka taɓa sa rigar sanyi ka shiga gona da rani?"

"Baba, shafa ɗaya ce fa, ba kauri. Kowa a ƙungiyarmu ta masu tsofaffin taraktoci haka yake yi."

"Ƙungiyarku! Taron masu taushin hannu. Likita, ka tsaya kan haƙoran mutane."

Royce dai ya fesa abinsa. A watan Agusta ya kai ta baje koli, ya zagaya fili a kanta minti goma kamar mai tausayin ƙasa, alƙalai suka ɗaura mata shuɗin ƙyalle, alamar ta zo ta ɗaya. Delmar na gefe yana gwaguyar dafaffiyar masara, ko tafi bai yi ba. A ganinsa, alƙalin da bai san warin mai ba, ko kwandon shara aka goge masa zai ba shi lamba.

Bayan mako biyu Delmar ya je aron taraktar, wai zai yanke ciyawar maƙabartar coci. Da tsakar rana ya shiga, eka uku, ciyawa har gwiwa. Ya sakar mata wuta yana kasa kunne, jira yake injin ya shaƙe ya mutu. Fentin ya fara wari, ya yi bororo, ya koma baƙi. Amma injin bai ko yi tari ba har kabari na ƙarshe. Delmar ya sauko ransa a ɓace, ya tsaya yana harararta.

Da ya mayar da ita, Royce ya durƙusa ya daɗe yana duban ƙonannen fentin. Can ya ɗago.

"Amma Baba, ai bai mutu ba."

"Ni na haɗa shi, ta ina zai mutu? Da kai ne ai da tun ƙofar coci an yi jana'izarsa."

Marlys ta yi wata guda ba ta kira ubanta a waya ba. Royce ya kankare ƙarafan, ya sayo fenti mai jure zafi, ya sake fesawa ja, kuma bai ƙara ba kowa makullin ba.

Yanzu Delmar ya ba tamanin baya. Kullum da safe yana teburin kusa da taga a gidan abinci, yana ba tsofaffin manoma labarin. A bakinsa hayaƙin ranar ya kai sai da aka hango shi daga babban titi. Su kuwa sun ji sau ashirin, sai su yi ta juya kofinsu har ya gama.