Ƙayar Aduwa a Mayafin Iya

Allah ya jiƙan kakata Iya, ya haskaka kabarinta. A gidanmu na ƙauye, can gefen Tafoki, idan dawa ta shiga rumbu, sanyi ya fara sauka, ɗakinta muke cika da zarar an sallame magariba. Takan hura wuta a tsakiyar ɗakin, ta jawo faifan ɗinkinta kusa da ƙafa, mu jikoki mu zagaye ta muna ture-ture.

Mayafi take ɗinkawa, amma ɗinkin nata ba irin na kowa ba ne. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a kasuwar Sheme take sa a tsinto mata. Sai ta jera su bisa tsohon zane, ja kusa da kore, shuɗi kusa da ruwan ɗorawa, sannan ta rufe kowace mahaɗa da siririn baƙin ƙyalle wanda bai kai faɗin yatsa ba. A karkace take yanka shi don ya yarda ya bi kwana, ta ninke gefunansa, ta danne da gindin kwano mai zafi. Idan an ɗaga mayafin a rana, baƙaƙen layukan sukan fito raɗau kamar tawada a jikin allo.

Wahalar aikin ita ce baƙin ƙyallen ba ya zama inda aka ajiye shi. Ka ɗora shi ya zame, ka ja shi ya tattare. Iya da ƙayar aduwa take kafe shi, ƙaya guda a kowane faɗin yatsu biyu, kuma ba ta zare ko ɗaya sai allura ta iso gindinta.

A shekarar da yanar ido ta fara rufe mata gani, babana ya ce ɗinki ya ƙare. Malami ne mai almajirai da mutunci, shi ya koya mini rubutun ajami. Ya sayo mata sabon bargo daga Faskari, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Iya, don Allah ki huta. Idon nan ya gaji. Ga shi kuma ana ta faɗi a gari, wai uwar malam na tsintar tsumma." Ya miƙa hannu ya ɗauke allurar daga kan faifai. Mayafin kuwa ko rabi bai kai ba.

To, babana shi ne ɗan farinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta yi musu da shi. Sai ta juya fuska wajen bango ta ce da ni, "Ƙawata, gaya wa mai gidan nan na ji."

Ta ji ɗin, amma da yamma ta yi, ta lura ya shimfiɗa buzu a tsakar gida yana jan carbi kafin isha'i. Sai ta sa aka ɗage labulen ƙofa, wai hayaƙi ya dame ta, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ta iso bakin wuta."

Muka ce, "Ta zauna mu ji ta!"

Ta ce a wani gari aka yi wata guguwa marar kunya, ta yayyage tufafin mutane har babu mai abin rufe jiki. Kowa ya ɗaure kaya ya bar garin, ban da wata tsohuwa. Ita ta bi lungu-lungu tana tsintar ƙyallaye, ta ce sai ta haɗa mayafin da zai rufe garin duka. Amma duk lokacin da ta ɗora baƙin ƙyalle bisa mahaɗa, sai guguwa ta leƙo ta hure shi, tana dariya tana cewa, "Tsohuwa, je ki kwanta, ke da ba ki gani."

Tsohuwa ta roƙi dutse ya danne mata. Dutse ya danne, amma ya karya allura. Ta roƙi ƙullun koko ya manne mata. Ya manne, sai tururuwa ta cika ɗakin. Daga ƙarshe ta je gindin aduwa. Ƙaya ta ce, "Zan riƙe miki, amma ki sani ni ba na riƙo sai na soka." Tsohuwa ta ce, "Soki mana. Yo ni da na haihu, ƙaya ce za ta ba ni tsoro?"

Nan muka fashe da dariya, har ƙanena Sule ya kusa faɗawa wuta. Iya ta dungure masa kai ta ce, "Angona, in ka ƙone wa zai noma mini gyaɗa?"

Ta ci gaba. Guguwa ta dawo da ƙarfinta, ta zagaya, ta rasa bakin da za ta ɗaga. Don haushi ta hure fitilar tsohuwa. Tsohuwa ta ce, "Kin makara, 'yar nan. Kowace ƙaya tana gaya wa yatsana inda hanya take."

Daidai nan Iya ta kai hannu cikin kitsonta, ta zaro wata allura da zarenta a jiki. Ashe tana da ta ɓoye. Ta runtse ido gam a gabanmu, ta laluba ƙaya ta farko, ta yi ɗinki har gindinta, ta zare ta, ta jefa a wuta, ta laluba ta biyu. Muka zuba mata ido. Ko sau ɗaya allurar ba ta sauka daga kan baƙin layin ba. Da ta kai ƙarshen kwanar ta ce, "Ƙurunƙus, na ɗaure zarena. Wanda ya ji ya ji, har na tsakar gida."

Babana ya yi gyaran murya, ya naɗe buzunsa ya tafi masallaci. Washegari da hantsi muka tarar da allurar da ya ɗauke a kan faifai, kusa da ita ga ƙayar aduwa cike da murfin kwano, ɗanya shar. Da la'asar na ga yatsansa a ɗaure da tsumma. Har ya koma ga Allah, ban taɓa jin ɗayansu ya tayar da maganar ba.

Iya ta yi damina biyu tana wannan ɗinki cikin duhun idonta. Saura kusurwa ɗaya ajali ya riske ta, amma ta riga ta kafe ta da ƙaya. Na ninke mayafin na sa a akwati, ban iya taɓa shi ba.

Da rashin tsaro ya tashe mu daga ƙauye muka dawo cikin Faskari, ɗiyata Hafsatu ta gan shi cikin kayan da na ɗaure. Ta ce, "Inna, ana gudu ke kina ɗaukar tsumma mai ƙaya?" Na ce ko shi kaɗai zan fita da shi. A ɗakin aro na warware shi. Ƙayoyin sun bushe sun yi fari, amma baƙin ƙyallen yana nan daidai inda Iya ta ajiye shi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na rufe kusurwar.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan amsa ce kawai ga babana. Yanzu na gane da mu ma take. Masu cewa mu sayar da gonar ƙauye mu nufi birni sun yi ta zuwa, kowa da nasihar tausayi a bakinsa. Ni dai na san ba ni da ikon ɗinke ƙasar nan, wannan na Allah ne. Abin da ke hannuna shi ne in riƙe ɗan wurina, ko da yana suka, har allura ta iso.

Ƙaya ta ƙarshe ban jefa ta a wuta ba. Na naɗe ta cikin takardar gonar, na rubuta sunan Iya da ajami a bayanta. Wanda ya zo sayen gonar, ƙayar zai fara taɓawa.