Mai Yatsu Shida



A gidanmu na Ceberu ba a cin dabino, ko da shan ruwan azumi ne, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Lokacin sanyi, bayan sallar isha'i, kakarmu Iya kan hura karan dawa a tsakar gida mu kewaye ta. Ni take jawowa jikinta, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. "Matso nan, uwata, kada ƙattan ga su danne ki."

Akwai tatsuniya guda da ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba. Wani dodo ne mai yatsu shida a hannun hagu, yakan zo bakin tafki da rawaninsa yana miƙa wa yara dabino. Wata yarinya ta miƙa hannu. Ya riƙe hannun, ya ɗaura masa igiya, ya yi arewa da ita ya sayar. Ta shekara bakwai tana daka a gidan da ba ta jin harshensu, sannan ta gudo, ta iske garinsu ya zama kufai.

"Iya, mene ne sunanta?" Sai kawai ta matse yatsuna.

"To an kashe dodon?" in ji yayana.

"Wa za ya kashe shi, wawa? Gida ya gina."

Mu yi ta dariya. Ita ba ta yi.

Iya ta rasu ina aji uku a sakandare. Yanzu ina Kalgo, ni kaɗai a ɗakin haya, ina ɗinki a shagon wata Hajiya mai kirki. Yau ta kai mu bikin buɗe mutum-mutumin siminti da danginta suka kafa a ƙofar gidansu na gado, na kakan kakanta, babban madugu. Aka yaye ƙyallen. Sau uku ina ƙirga yatsun hannun hagu.

"Da shida aka haife shi," Hajiya ta ce tana murmushi. "Ga son yara! Kullum da dabino a aljihu." Ta zuba mini uku a tafi, wai sadakarsa ce.

Na ce azumi nake. Ƙarya na yi.

Ga dabinon nan a kan taga. Ashe Iya ba tsorata mu take yi ba. Abin da ba ta isa ta faɗa da rana ba ne ta sa masa kayan dodo, ta ba mu ajiya. Na kira yayana na tuna masa, ya ce, "Wace tatsuniya?" Saura ni.

Gobe Hajiya za ta tambaya ko na sha ruwa da su.  Da sunan yarinyar nan, mahaifiyar Iya, za ta kira ni, kuma dole in amsa.