Faretin da Ya Ƙare a Cikin Tafki

A garinmu na bakin tafkin Titicaca, watan Yuli na fareti ne. Da ya kama, darasin motsa jiki ya mutu ke nan a sakandare. Sai a jera mu a fili muna ɗaga ƙafa har ƙugu, hagu dama, don mu ci tutar da magajin gari ke ba makarantar da ta fi iya taku ranar bikin 'yancin kai. Haka iyayenmu suka yi, kuma har yau ban ga wanda takun ya amfana ba.

Malama Teófila Apaza ce ta zo ta rusa wannan tsari. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai tallan kifi, kullum da usur a wuya. A tsibiri ta tashi. Ƙaninta ya faɗa ruwa a gabanta, tsakaninsa da kwale-kwale bai wuce tsawon sanda ba, haka ya nutse tana kallo. Ranar da ta fara shiga ajinmu ta tambayi wanda ya iya iyo, babu wanda ya ɗaga hannu. Jikokin masunta ne mu, amma a wurinmu wanda tafki ya so ɗauka zai ɗauka, koyon iyo kuwa tsokanarsa ne. Ni ma a ruwan nan mahaifina ya tafi.

Da rana tsaka take kai mu bakin ruwa, cikin karan totora da ke tsirowa a ruwa inda babu zurfi, mu shiga da kayanmu a jiki.

"Malama, sanyi," mukan ce, haƙora na kaɗawa.

"Kun taɓa ganin wanda ya tuɓe kafin ya faɗo daga kwale-kwale? Ke Nélida, kwanta rigingine, ki daina yi mini fuskar gawa."

Ni ce Nélida. Na sha ruwan tafkin nan har na gode wa Allah, na kuma zage ta a zuci ba adadi. In mun fito sai ta ba mu shayin ganyen koka mai zafi, ta kora mu gudu har jiki ya dawo.

Da Yuli ya kama, hedimasta Don Rigoberto ya same ta a fili, a gabanmu.

"Malama, fareti ya matso. A bar wankan nan haka."

"Ranka ya daɗe, motsa jiki aka ɗauke ni in koyar. In sojoji kake so, ka nemo soja."

"Tutar fa?"

"Wanda ya faɗa ruwa, tutar ce za ta tsamo shi?"

Ya kai ƙararta gaba, iyaye suka mara masa baya. Mahaifiyata, Doña Casimira, tana sahun farko. Ta ce tafki ya ci mijinta, ba za ta zauna wata 'yar tsibiri ta miƙa masa 'yarta ba. Kafin ranar biki magana ta fito: bayan fareti za a mayar da Malama wani ƙauye can kan duwatsu, kuma babu ɗalibin da zai sake taka ruwa. Abin ya ƙona mana rai matuƙa. In ta tafi a haka, iyo ya bi ta, don duk garin babu wanda ya taɓa ganinmu muna iyo. Muka ƙulla abinmu, ko ita ba mu gaya wa ba.

Ranar biki muka fito tsaf, takalma na sheƙi, badujala na tashi. Muka wuce gaban rumfar manya da takunmu na 'yan koyo. Inda ya kamata mu juya hagu mu tsaya, sai muka miƙe. Hedimasta Don Rigoberto yana ta busa usur, mu kuwa muka gangara har gadar katakon da kwale-kwale ke tsayawa, inda ruwa ya fi ƙarfin tsayin kowa, muka faɗa ɗaya bayan ɗaya da kayan makaranta.

Na ji ihun mata kafin ruwa ya rufe mini kunne. Da na taso na kwanta rigingine, sai na ga duk ajinmu kwance a kan ruwa, babu wanda ya ɓace. Muka yi iyo zuwa gaɓa. Malama na can ƙarshen gada, ta riga ta cire takalmi, tana ƙirga kawunanmu tana zaginmu, hawaye na zuba.

Ba mu ci tuta ba, kuma ba a fasa mayar da ita ba. Mahaifiyata ta lulluɓe ni da mayafinta har gida. Na zauna jiran duka, shiru.

Asabar ɗin da motar Malama ta tashi, mahaifiyata ta ce in raka ta bakin ruwa. Ta daɗe tsaye tana kallon wajen da aka tsamo mahaifina. Sannan ta cire hularta ta ajiye kan dutse, ta tattare siket ɗinta, ta taka ruwan.

"To," ta ce, "yaya matar nan ta ce a kwanta?"