Batirin Tsohon Kaset

"To ai shi ne nake faɗa maka," in ji tela, "wasannin na'ura na yanzu ba wasa ba ne, jan akuya ne. Kibiya ta nuna maka hanya, murya ta ce danna nan. Ina daɗin?"

"Baba Tela, aikin nan fa sai da natsuwa," in ji mai gyaran rediyo. "Ka bari in gama."

"Yi aikinka, Injiniya. Bakina ne ke motsi, ba teburinka ba."

Shagunansu na jere da juna, bango ɗaya ya raba su. Shekara da shekaru mai gyara yana jin wani siririn kiɗa na fitowa daga bayan keken ɗinki duk lokacin da ciniki ya lafa, amma sai yau ya ga tushensa: tsohuwar na'urar wasa, irin wadda ake haɗawa da talabijin, ta yi jawur don tsufa, da kaset ɗaya mai goggen hoto. A cikin kaset ɗin akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Batirin ya kusa mutuwa, in kuwa aka cire shi haka kawai, komai ya goge. Dabara ɗaya ce: a buɗe kaset, a soka shi cikin na'ura tana kunne, a sauya batirin yayin da wuta ke gudana.

Abin da tela ke tsoron rasawa ba nasa ba ne. Ajiyar yayansa ce, wanda ya rasu tun suna samari, ya bar tafiyarsa a bakin ƙofar dodon ƙarshe.

"Wasannin da," tela ya ci gaba, yana murza tef ɗin awo da ke wuyansa, "sai ka shiga gari ka gaida kowa. Tsohuwar da ke bakin rijiya, in ka raina ta, ka ɓata a daji har ka gode wa Allah. Mutanen ciki kuwa 'yan ɗigo-ɗigo ne, ko hanci babu. Amma ranar da aka kashe mana maharbiya, wallahi ni da Yaya ba mu iya cin abinci ba. Inna ta zaci zazzaɓi ne."

Mai gyara ya ɗora bakin ƙarfe mai zafi a kan dalma, hayaƙi ya tashi. Ya zare tsohon batir. Daidai nan fankar sama ta rage gudu, ƙwan lantarki ya yi ja kamar zai ɗauke.

Tela ya yar da labarinsa, ya kafa wa ƙwan ido. Shi da ko allura ce a bakinsa ba ya fasa zance.

Mai gyara bai ɗaga kai ba. Gumi na gangaro masa ta hanci, ya danna sabon batir, ya ɗiga dalma gefe da gefe. Fanka ta ja numfashi, ta koma gudunta.

"Yanzu sai mun kashe mun kunna kafin mu sani," in ji shi. "Kai za ka danna."

Yatsan tela, mai kantar almakashi, ya daɗe a kan maɓalli. Ya yi bismillah, ya kashe, ya kunna.

Kiɗan nan ya taso. A allon ƙaramin talabijin sunaye biyu suka fito: jarumi mai takobi, Yaya, da ƙaramin mai magani a bayansa, Auta.

Mai gyara ya dubi allon, ya dubi dattijon mai furfura a gemu. Wanda ya rubuta sunayen nan ƙasa ta daɗe da rufe shi, ga shi kuma tsaye da takobinsa, ƙaninsa na biye.

"Baba, ba za ka ƙarasa masa ba?"

"Na kashe dodon nan a tawa ajiyar har ya san fuskata," in ji tela, yana goge ido da bakin hannun riga. "Wannan ƙofa kam tasa ce. Ni dai nakan zo in zaga da mu cikin gari, mu gaida tsohuwar."

Ya ɗan zaga da su ɗin kuwa, har bakin rijiya. Sannan ya kashe, ya naɗe kaset a ƙyallen atamfa, ya rungumi na'urarsa.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Bari in je, akwai wandon da ke jiran kalmasa, mai shi kuma ba shi da haƙurin mutanen da."