Saura Mutum Ɗaya

Malamar makarantar tana tsaye a layin bas ɗin gwamnati, amma idonta na kan wani dattijon direba a gefen titi. Motarsa ta tsufa, da igiya ake ɗaure ƙofarta. Ba shi da kwandasta, shi ke tuƙi, shi ke kiran fasinja.

"Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya mu tashi!"

Ko mutum ɗaya babu a ciki. Tun da gwamnati ta kawo sababbin motoci masu rabin kuɗi, kowa ya juya wa irinsa baya. Rigarsa ta sha guga, duk da wuyanta ya koɗe. Wataƙila akwai wata baiwar Allah a gida da ke goge masa, wadda ta daina tambayarsa ya aiki. Yana share kujerar gaba da hankici karo na uku, kamar mai jiran surukai.

Suka haɗa ido. Malama ta yi wuf ta kara waya a kunne tana "to, to," alhali ba wanda ya kira ta. Har sabuwar motar ta tsaya ba ta lura ba.

"'Yata," in ji dattijon, yana nuni da hankicin, "ga taku ta iso. Yi sauri kada ki rasa kujera."

Ta shiga kanta a sunkuye. Sai da ta zauna ta ga ashe wayar ma a juye ta riƙe ta. Ta taga tana jiyo shi, har yanzu saura mutum ɗaya.